Jinin Haihuwa Ba Ya Jiran Gari Ya Waye

Bayan sallar isha'i ta haihu, a ɗakinta, aka sami namiji. Har an yi guɗa, an aika yara maƙwabta su kai albishir. Matar ɗan ƙanen mahaifina ce, shekarunta ba su kai ashirin da biyar ba, wannan kuma haihuwarta ta uku. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle. Aka jiƙe zane na farko, aka sauya na biyu. Ƙanen mijin, wani saurayi da ke tsaye a bakin ƙofa yana jin nishinta, ya ce wa mahaifiyarsu, “Inna, mu nemi mota mu kai ta asibiti mana.” Tsohuwar ta ce, “Kai yaro, me ka sani a haihuwa? Ƙazanta ce ke fita. Tara na haifa a gidan nan, wa ya kai ni asibiti?” Mijin yana can wani gari ya je cin kasuwa, wayarsa ba ta shiga, babu kuma wanda ya yarda ya ɗauki nauyin fitar da matar wani cikin dare ba da izininsa ba. Sai da ta daina amsa kira, hannuwanta suka yi sanyi, sannan aka shiga buga ƙofar mai mota. A hanya ta cika, ana kiran assalatu.

Kwana uku na zauna a wurin makoki, kuma duk wanda ya zo abu ɗaya yake faɗa: kwana ne ya ƙare. Wasu su ƙara da cewa ai ta yi shahada. Ban musa ko ɗaya ba, kuma har yanzu ban musa ba. Ajali gaskiya ne, falalar da aka yi wa macen da ta rasu wajen haihuwa ita ma gaskiya ce, Allah ya tabbatar mata da ita. Amma falalar tata ce, babu rabon wanda ya tsaya yana kallo har awa bakwai. Mutumin da ke cewa kwana ya ƙare, in sansa na noma ya kwanta da daddare, ba ya jiran asuba kafin ya taso mai duba dabbobi. Rashin jin wannan maganar a wurin makoki shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2025 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa. Kimanin 75,000 daga cikinsu 'yan Najeriya ne. Ke nan ƙasa ɗaya ta ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gawarwakin duniya baki ɗaya. In ka raba wannan adadi da kwanakin shekara, mata fiye da 200 ne kullum, kusan mace ɗaya duk minti bakwai. Da jirgin sama ne ke faɗuwa da mutum 200 kowace rana, da an rufe filayen jirgi tun a makon farko. Amma waɗannan ɗaya-ɗaya suke tafiya, a ƙuryar ɗaki, a bayan babur, a kan tabarmar barandar asibiti, a binne su kafin azahar, a miƙa jaririn ga kaka. Kuma nauyin ya fi karkata ta wajenmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Sauran duk a gida ne, wasu gaban ungozoma, wasu gaban tsohuwar gida, wasu kuma mace ita kaɗai, ta rufe ƙofa don kada a ji kukanta a ce ba ta da kunya.

Jini shi ne babban makashi, don haka a kansa zan fi daɗewa. Lokacin da ciki ya tsufa, jinin da ke bi ta mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko fiye. Da mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, jijiyoyin da ke wurin a buɗe suke, abin da ke toshe su kawai shi ne mahaifar ta dunƙule ta yi tauri. In ta saki, saboda gajiyar doguwar naƙuda, ko yawan haihuwa, ko tagwaye, ko wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale, to famfo aka kunce. Likitoci sun yanke cewa in jinin da ya fita bayan haihuwa ya kai rabin lita, an shiga haɗari. Rabin lita kuwa ledar fiya wata ɗaya ce. Ku duba ledar nan da kuke tsotsewa a tsaye a bakin titi, sannan ku tuna zannuwa nawa ake jiƙewa a gidajenmu ana cewa ƙazanta ce. Mace lafiyayya tana iya mutuwa cikin awa biyu. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, irin wadda zazzaɓin sauro ya sha, ba ta ci nama ko ƙwai ba tun cikin yana wata uku, ba ta sha maganin ƙarin jini ba, ita ko awa biyun ba lalle ta kai ba.

Babu wani abu wai shi mugun jini da dole sai ya fita. Jinin da ke zuba a daren haihuwa shi ne jinin da zuciyarta ke bugawa, shi ne ranta. Duk wadda ta fara ganin jiri, ta yi fari fat, gumi mai sanyi ya keto mata, tana neman ruwa tana cewa duhu take gani, ba kunu take bukata ba, mota take bukata.

Abin takaicin shi ne maganin ba tsada gare shi ba, kuma da hannun 'yan ƙasar nan aka tabbatar da shi. A 2023 aka buga sakamakon wani babban gwaji da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ciki, a daina kintace da ido. Da ya kai layin, sai a haɗa mata komai a lokaci ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar da ke matse ta, a ba da maganin tsayar da jini, a sa ƙarin ruwa, a duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Leda da agogo da ma'aikaciyar da ta san aikinta. Amma duk wannan sai macen tana inda ledar take.

Na biyu ita ce jijjiga, kuma ita ce aka fi yi wa ƙarya. Mai ciki ta kumbura, fuska ta tashi, zobe ya ƙi fita daga yatsa, sai a ce tagwaye ne, ko a ce cikin namiji ne. Ta ce kanta kamar zai tsage, tana ganin wasu taurari-taurari, ƙarƙashin haƙarƙarinta yana ciwo, a ce laulayi ne, a ba ta farasitamol. Ranar da ta faɗi tana taune harshe tana kumfa, sai a ce iska ce ta buge ta, ko an yi mata sammu. A kira mai ruƙiyya, a cika ɗaki da hayaƙi, a cusa mata cokali a baki, a ɗura mata rubutu alhali ba ta iya haɗiya, ya sarƙe ta ya gangara huhu. Hawan jini ne na masu ciki, wanda na'urar awon jini ke ganowa cikin minti biyu, makonni kafin ya kayar da mace. Ya fi kama 'yan cikin fari, musamman ƙananan yara, wato waɗanda kunya ta fi ɗaure wa baki. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a yi ta a cikin mota. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a sa mata komai a baki, a tafi. Allurar da ke tsayar da jijjiga, magnesium sulphate, tsohuwar allura ce mai araha. Da aka shigar da ita asibitoci goma na jihar Kano a 2008, mace-macen masu wannan ciwo sun faɗo daga kusan kashi 20 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3.

Sai doguwar naƙuda. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba, ko wadda ɗa ya kwanta mata a gicciye, za ta kwana biyu, uku, tana durƙushe. A ce zaƙi ne ya tare, a yi ta ɗura mata jiƙe-jiƙe. A wasu wuraren har yanzu akan kira wanzami ko tsohuwa a yi mata yankan gishiri da aska. Kan jariri yana can ya danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu. In ta yi sa'a ta rayu, ɗan ya tafi, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, mijin da ya hana a kai ta asibiti shi ne na farkon toshe hanci. Wanda ke ganin ƙari nake yi ya je Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke irin waɗannan mata, ko sashen Laure na asibitin Murtala a Kano, ko Danja kusa da Maraɗi, ya ga shekarun waɗanda ke kwance. In ba ta yi sa'a ba, mahaifa ta fashe.

A nan ne wata sabuwar masifa ta shigo mana, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin kullum yaɗuwa take. Allurar naƙuda ta fito daga asibiti ta shiga kemis da jakar masu allurar gida-gida. Mace ta fara ciwo, a kira wani yaro da ya taɓa aiki a kemis, ko wata mata da ake ce wa nas alhali ba ta taɓa shiga makarantar jinya ba, a biya kuɗi kaɗan, a danna wa mai naƙuda allura, ko a rataya mata ruwa a jikin ƙusar ɗaki, wai don ta sauka da wuri. Ainihin wannan allura ita ce ke ceton rai bayan an haihu, don tana matse mahaifa. To amma a yi ta ɗa yana ciki, hanya ba ta buɗe ba, babu mai auna ƙarfinta, babu mai sauraren bugun zuciyar jariri, kamar ka taka totur ne mota tana fuskantar bango. Mahaifar da ta riga ta ɗauki ciki bakwai, takwas, ta yi laushi, nan take take tsagewa. Ciwon ya ɗauke ɗif, 'yan ɗaki su ce alhamdulillahi ta samu sauƙi, alhali jini ne ke malala a cikin cikinta inda ba mai gani. Haka ake yi da ƙwayoyin da ake sa wa a ƙarƙashin harshe. Da can jahilci ne kawai ke kashe mu, yanzu mun haɗa shi da sirinji. Duk wanda ya yi wa mai naƙuda wannan allura a gida, da duk maigidan da ya biya aka yi, su sani cewa caca suke yi da rai biyu.

Haihuwa lafiya ma ba ita ce ƙarshen haɗari ba, shi ya sa iyayenmu ke cewa kabarin mai jego a buɗe yake har kwana arba'in. Sun faɗi gaskiya, sai dai wani lokacin mu ke ƙara masa faɗi. Zazzaɓi mai zafi kwana biyu ko uku bayan haihuwa, da jini mai wari, da ciwon mara, alamar ƙwayar cuta ce ta shiga mahaifa, daga hannun da ba a wanke ba, ko tsumma, ko reza. Ba ruwan zafi ke kashe ta ba. Wankan jego kansa, da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa kwano-kwano, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarsu da ciwon zuciyar da ke kama masu jego: kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai a zaune, ba sanyi ne ya shige ta ba balle a ƙara mata itace. Ban ce a daina wanka ba. Na ce a rage wutar, a rage kanwar, musamman ga wadda aka ce tana da hawan jini.

Akwai ɓarin da ake ɓoyewa ana zubar da jini a ɗaki kwana da kwanaki, akwai cikin da aka je aka zubar a ɓoye a hannun wanda bai iya ba, wanda ba a faɗar sunansa a wurin makoki. Akwai kwanika, ciki kan goyo, shekara-shekara, jiki bai mayar da abin da ya rasa ba. Addininmu ya ambaci shayarwa shekara biyu, likitoci ma tazarar da suke nema ke nan, amma in an ce tazarar haihuwa sai wasu su ɗaure fuska kamar an zagi iyayensu.

Kada a ɗauka duk laifin na gida ne. Na taɓa raka wata 'yar'uwata wani asibiti cikin dare, muka tarar da ungozoma ɗaya tal tana kan mata shida, da fitilar waya a bakinta. Aka miƙo mana takarda: safar hannu, auduga, ruwa, allura, duk mu je mu sayo. Aka ce ana bukatar jini leda biyu, ma'ajiyar jini babu ko ɗigo, sai mun kawo masu bayarwa. Na kuma ji da kunnena ana daka wa wata mai naƙuda tsawa da maganar da ba zan iya rubutawa ba. Macen da aka yi wa haka ba za ta dawo ba, kuma za ta hana ƙanwarta zuwa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ficewa Ingila da Saudiyya. A ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, inda 'yan bindiga suka kori ma'aikata aka rufe ɗakunan shan magani, hanya kuma ba ta biyuwa bayan magariba, mace mai zubar jini ba ta da zaɓi sai jiran safiya. A Nuwamba 2024 ministan lafiya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Amma sanarwa ba ta ɗinke mahaifa, sai an sami likita da wuta da jini a asibitin da ke kusa da ƙauye, kuma hakkinmu ne mu tsare ciyamomi da 'yan majalisa da gwamnoni da wannan tambaya, a masallaci, a rediyo, da ranar da suka zo neman ƙuri'a.

Duk da haka, lalacewar asibiti ba ta zama hujjar zaman gida ba. Tun a 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya buga bincikensa kan haihuwa 22,774 a Zariya, ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, sun ninka masu awo mutuwa sau da yawa. Shekara arba'in ke nan da sanin wannan. Sai a kawo mace bayan kwana uku tana naƙuda, ta cika a kan gado, a koma gida a ce asibiti ne ya kashe ta, a kafa hujja da ita a hana ta gaba zuwa. Haka tsoron a yi wa mace aiki yake hallaka mata: miji ya ƙi sa hannu, uwar miji ta ce a danginsu ba a yanka mace, likita yana tsaye da takarda, awa tana wucewa. Wadda aka yi wa aiki ba ragguwa ba ce, kuma ba ta daina haihuwa ba. Abin da ke kanta kawai shi ne duk haihuwar da za ta yi nan gaba ta yi ta a asibiti.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gane inda gizo ke saƙar. A yankin Damagaram aka fara makarantun mazaje, inda magidanta ke zama su tattauna awo da haihuwa da yadda za a kai mace asibiti, domin an lura cewa makullin ƙofar yana aljihun namiji. A wasu jihohinmu ma an yi shiri da direbobin ƙungiyar NURTW na ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Ba wani abin al'ajabi a ciki, shiri ne kawai tun kafin ranar, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Iyayenmu mata, ku da kuka haifi tara da goma a ɗaki, Allah ya saka muku, amma ku ƙirga sa'o'inku da kuka yi wasan gaɗa tare, nawa ne haihuwa ta tafi da su. Su ba su nan balle su ba da nasu labarin. Ungozomomi, babu abin kunya a ce wannan ta fi ƙarfina, a tafi.

Kai kuma maigida, da kai nake. Kana tanadin ragon suna tun ciki yana wata biyar, kana ɗinka wa mai jego atamfa da leshi. Cire wani abu daga kuɗin nan ka ajiye na mota da na asibiti. Ka bar ta ta je awo, ka tambaye ta abin da aka ce game da jininta. Ka san rukunin jininta, ka yi magana da 'yan'uwa biyu da za su iya ba ta. Ka karɓi lambar direba biyu, ka san asibitin da ke yin tiyata da dare, ba wanda ke rufewa da la'asar ba. Sannan ka tara mahaifiyarka da ƙannenka da matarka wuri ɗaya, ka faɗa da bakinka kowa ya ji: in ta ga jini, ko ta kumbura da ciwon kai, ko ta jijjiga, ko faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko naƙuda ta wuce awa 12, ina gida ko ba na gida, waya ta shiga ko ba ta shiga ba, na ba da izini, a kai ta. Ka faɗa musu yau, kafin ka fita kasuwa.